3.2 Bambance Kayan Gyaran Fijo 504 na Asali da na Kwaikwayo

An fara ƙera Fijo 504 a Faransa a 1968, daga bisani aka riƙa haɗa ta a masana'antar Fijo ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975. Tun da aka daina haɗa ta, kayan gyaranta sun kasu kashi uku, kamar haka: na asali, waɗanda aka ƙera a zamanin motar, da na kwaikwayo, masu ɗauke da tambarin zaki na jabu, sai sababbi, waɗanda wasu kamfanoni ke ƙerawa da sunansu ba tare da ɓoyewa ba.

Alal misali, fitilar gaba ta asali tana ɗauke da sunan maƙerinta, kamar Cibié ko SEV Marchal, wanda aka zuba tare da gilashin, da kuma alamar E2 cikin da'ira, shaidar amincewar Faransa. Ta kwaikwayo kuwa, rubutunta kan fito a dushe.

Saboda haka, kwali ko tsatsa ba hujja ba ne, domin ana iya sa jabu cikin tsohon kwali. Kuskure a kan fitila asarar kuɗi ce, amma a kan kayan birki yana iya zama asarar rai.