Kujera ɗaya, masu nema fiye da ɗari: rayuwar makaɗan okestra

A shekarar 1980, babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Munich a Jamus ta nemi mai busa turombon, wani dogon ƙaho na tagulla da ake ja ana turawa don sauya murya. Aka raba wa masu neman aikin lamba, aka kuma sa labule tsakaninsu da alƙalai. Da mai lamba 16 ya gama busa, jagoran ƙungiyar, Sergiu Celibidache, ya ce ya sami wanda yake so. Da aka fito da mai lambar, sai ga mace: Abbie Conant, Ba'amurkiya.

An ɗauke ta, amma ba a daɗe ba aka rage mata matsayi, bisa hujjar cewa wai ƙahon na bukatar ƙarfin namiji. Ta garzaya kotu. Har asibiti aka kai ta aka auna ƙarfin huhunta. Sai a 1993 ta gama ƙwato matsayinta da albashinta daidai da na maza.

Okestra ƙungiya ce ta mutum 80 zuwa 100 da ke kaɗa waƙoƙin da aka rubuta a takarda, irin na Mozart da Beethoven. Fiye da rabinsu masu goge ne, daga ƙaramin biyolin da ake ɗorawa a kafaɗa zuwa ƙaton da ake jinginawa a ƙasa, sai masu busa da masu ganguna a baya. A ƙasar Hausa makaɗin fada kan gaji kiɗa a gidansu, ya taso yana amshi a bayan mahaifinsa. A okestra kuwa ba a gadon kujera. Yaro kan fara koyo tun yana ɗan shekara biyar ko shida, ya wuce makarantar kiɗa irin su Juilliard ta New York, ya share shekaru yana atisaye sa'o'i da dama a kullum, sannan ya zauna jiran wani ya yi ritaya. Wanda ya sami kujera yakan riƙe ta shekara talatin ko fiye, saboda haka idan guda ta faɗi a babbar ƙungiya, masu nema kan wuce ɗari.

Gwajin kansa 'yan mintuna ne. Mutum zai shigo, ya kaɗa gutsattsarin wuraren da suka fi wuya a manyan waƙoƙi, wani lokaci tun bai kai ƙarshe ba a ce masa an gode. Ƙungiyar birnin Boston ce ta fara sa labule a 1952. A wasu wuraren har darduma ake shimfiɗawa, don kada ƙarar takalmi ta tona cewa mace ce ta shigo. Binciken da masana tattalin arziki Claudia Goldin da Cecilia Rouse suka wallafa a 2000 ya nuna cewa a manyan ƙungiyoyi biyar na Amurka, mata sun tashi daga kusan kashi 6 cikin 100 a 1970 zuwa kashi 21 a 1993.

Cin gwaji ma rabin tafiya ce. A ƙungiyar Berlin, wadda makaɗa da kansu suka kafa a 1882 bayan sun ɓalle daga maigidansu, sabon shiga yakan yi zaman gwaji na kimanin shekara biyu, sannan abokan aikinsa su kaɗa masa ƙuri'a. Su ne ma ke zaɓen jagoransu. Abin da suke aunawa ya wuce gwaninta: shin muryar gogensa na narkewa cikin ta sauran? Yana sauraren na kusa da shi? Gwanin da ya saba a tafa masa shi kaɗai dole ya koyi jan bakan gogensa daidai da na mutum goma sha biyar. Ko jagoransu na wancan lokacin, Herbert von Karajan, duk da ƙarfin ikonsa, bai iya tilasta musu karɓar Sabine Meyer mai busa kilarinet ba; suka ƙi ta da ƙuri'a 73 da 4, ta tafi ta zama tauraruwa a duniya. A nan ne tsarin ke da aibi, domin ƙuri'ar abokan aiki ba ta da labule. Ƙungiyar Vienna kuwa sai a 1997 ta yarda mace ta zama cikakkiyar mamba.

Jiki ma yana biyan nasa kuɗin. Ciwon wuya da kafaɗa da yatsu ruwan dare ne a tsakanin masu goge, ga kuma kunne. A 2012, wani mai goge, Chris Goldscheider, na zaune gaban masu busa ƙahonni a gidan Royal Opera na Landan, ana atisayen waƙar Wagner, ƙarar ta lalata masa ji har ya bar sana'ar. A 2018 kotu ta ba shi gaskiya. Albashi kuma ba tabbas ko'ina: lokacin annobar korona, makaɗan Metropolitan Opera na New York sun yi kusan shekara guda ba a biya su ba, wasu suka bar birnin saboda kuɗin haya.

Baƙar fata har yanzu ƙalilan ne a waɗannan kujeru. Ganin haka ne Chi-chi Nwanoku, mai kaɗa ƙaton goge, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa ƙungiyar Chineke! a Ingila a 2015, tare da reshen matasa. Ɗaya daga cikin matasan, Sheku Kanneh-Mason, ya lashe gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016.