Soja ya komo gida, barci bai komo ba

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Cake da kewaye, ga wata magana da ta shafi gidajenmu.

Ƙasar Mayahi da ta Tasawa sun ba da ɗiyansu aikin soja tun zamanin Faransa. Wasu kakanninmu an kai su yaƙin duniya na 1939 zuwa 1945, wasu an kai su Aljeriya. Na yanzu kuwa a cikin ƙasarmu suka ga wuta. A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta afka wa Boso da Difa. Ran 10 ga Disamba 2019 aka kashe soja 71 a Inates. Ran 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Cinagodar. Allah ya ji ƙansu. Waɗanda suka rasu an ƙirga su. Waɗanda suka tsira fa?

A ce yaro ya komo gida hutu, ko ya gama aiki. Jikinsa lafiya lau, ba ko ƙwarzane. Amma dare ya yi, ba ya barci. In ya runtsa, sai mugun mafarki ya tashe shi cikin gumi. Da damina aka yi tsawa, ya faɗi ƙasa yana neman maɓoya. Ran kasuwa ba ya shiga cikin mutane. Yaro ya zubar da fura, ya hau shi da faɗa kamar ya ga abokin gaba. Da can shi ne mai raha a dandali, yanzu sai ya zauna shi kaɗai a gindin gawo har magariba.

Mutane sai su ce iskoki ne, ko sammu aka yi masa. Wasu su ce ragwanci ne. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ciwo, don mai faɗinta bai taɓa ɗaukar gawar abokinsa a kafaɗa ba.

Likitoci sun san wannan cuta. A Amurka aka sa mata suna a 1980, bayan sojansu sun komo daga yaƙin Biyatnam. Ga yadda take: mutum ya ga abin firgita, hatsarin ya wuce, amma zuciyarsa ba ta yarda ya wuce ba. Kullum tana gadi. Makiyayi ya san haka. Saniyar da kura ta taɓa kora, ko kare ta gani sai ta zabura. Firgita na ƴan kwanaki kowa yakan yi. In ta wuce wata guda, har ta hana mutum noma da zaman iyali, to ta zama cuta. Ba soja kaɗai take kamawa ba. Jandarma, da ɗan sanda, da ƴan kwana-kwana masu fid da mutane daga wuta da hatsarin mota, da ma'aikatan gidan likita, duk tana kama su.

Tana da magani, kuma babban maganinta magana ce. Akwai ma'aikatan lafiya da aka koya wa wannan aiki. Suna zama da mutum su biyu, sau da yawa, ya riƙa faɗin abin da ya gani kaɗan kaɗan, har abin ya rage nauyi. Sirrinsa ba ya fita. Wani kuma sai an haɗa masa da ƙwaya. Hanya ita ce a fara da gidan likita mafi kusa, su tura shi asibitin Mayahi ko na Tasawa, in ta kama a wuce gaba. A babban asibitin Yamai akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, wanda ake kira Pavillon E. Wanda yake bakin aiki ya fara da likitan bariki.

Addu'a ba ta hana zuwa likita, likita bai hana addu'a ba. Abin da ba shi da kyau shi ne mari da duka. Haka nan taramol da giya. Suna kwantar da mutum dare ɗaya, su ƙara masa cuta ta biyu.

Iyali kuma kada su tsare shi da tambaya: mutum nawa ka kashe? In ya so magana, a saurara. In bai so ba, a tafi gona tare. A neman masa wani tsohon soja su riƙa hira, don shi ya san abin da ba a faɗa wa uwa. Amma in aka ji yana cewa ya gaji da duniya, a kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita ran nan, ko da amalanke ne.