Gashin Haƙarƙarin Alade A Kafanchan: Wuta Tukuna, Miya Daga Baya

Tun daga shekarar 1927, lokacin da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta iso Kafanchan ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya kuma Jos, garin ya zama matattarar baƙi da kasuwanci. A yau ɗaya daga cikin abubuwan da suka fito da sunansa shi ne kasuwar aladu ta Katsit, wadda ke ci kowace Alhamis, inda fatake daga kudancin ƙasar nan ke zuwa da manyan motoci suna lodi.

Sanin kowa ne Musulmi ba sa cin naman alade. Amma ga Kiristocin Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da sauran maƙwabtansu, kiwon alade dukiya ce da ake biyan kuɗin makaranta da ita, namansa kuwa abincin biki ne, musamman daga Kirsimeti zuwa bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu. Abin da za mu faɗa a nan ya shafi mai gasa haƙarƙarin rago ran Babbar Salla ma, domin wuta ba ta san bambancin dabba ba.

A 'yan shekarun nan wata miyar kwalba mai kauri, wadda Turawa ke kira babakiyu, ta shigo kantuna, masu gashi kuma sun karɓe ta. Asalinta daga Amurka ne, kuma irin wadda aka fi sayarwa ta birnin Kansas ce, watau haɗin tumatir da sukari ko baƙin ruwan rake, da ruwan tsami da kayan yaji. Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne su dulmuya ɗanyen nama cikinta, sa'an nan su ɗora a kan waya. Cikin ɗan lokaci sai a ga nama ya yi ja, yana ƙyalli, daga nan ya yi baƙi, alhali kuwa cikinsa ko zafi bai gama yi ba.

Dalilin haka a fili yake. Sukari yakan fara narkewa ya yi duhu a wajen digiri 160 na ma'aunin Salshiyos, in zafi ya wuce haka kaɗan sai ya ƙone ya yi ɗaci. Zuma ta fi shi saurin ƙuna. Garwashi kuwa, in nama na bisa kansa kai tsaye, zafinsa ya zarce wannan nesa. Shi kuma haƙarƙari nama ne mai jijiya da kitse, ba ya laushi sai cikinsa ya kai wajen digiri 90, abin da kan ɗauki awa biyu zuwa huɗu a kan wuta mai sanyi, gwargwadon girman yankan. To, ina miyar da za ta jure wa wuta tsawon wannan lokaci?

Hasarar ba ta tsaya kan ɗanɗano ba. Akwai wata tsila da ke zama cikin naman alade, ƙwayoyinta farare kamar tsabar shinkafa. Wanda ya ci naman da bai nuna ba, tsilar takan girma cikin hanjinsa, ƙwanta kuma ya riƙa fita tare da bayan gida. In ƙwan ya shiga cikin wani ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta, yana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da dama da wannan tsila ta yi yawa, ita ce sanadin kashi 30 cikin ɗari na ciwon farfaɗiya. Zafi yana kashe ta, muddin ya ratsa har tsakiyar naman. Saboda haka haƙarƙarin da miya ta baƙanta bayansa tun bai nuna ba kyan ɗan maciji ne: ido ya ce ya gasu, ciki kuwa ɗanye.

Ga yadda gwanaye ke yi. Da fari a duba naman da kyau tun a wurin mahauci, in an ga waɗannan fararen ƙwayoyi a bar shi. A ɓare siririn tantanin da ke bayan ƙasusuwa, a shafa gishiri da barkono da tafarnuwa da masoro da citta, wadda ƙasar Kachia da Jaba ta yi suna wajen nomanta. Waɗannan ba su da sukarin da zai ƙone, don haka ana iya barinsu a jikin nama awa guda ko fiye kafin gashi. Sa'an nan a tura garwashi gefe ɗaya, a aza naman a ɗaya gefen, a kife masa murfi ko faranti, a riƙa juyawa jefi-jefi. Mai sauri yana iya fara sulala shi da albasa da citta, ko da yake wani daɗin zai tafi cikin romo.

Alamar nuna ita ce nama ya ja baya daga bakin ƙashi, tsinke ya shige ba gardama, ruwan da ke fita kuma ba ja. A nan ne lokacin miya ya yi. Cikin minti 10 zuwa 15 na ƙarshe a shafa ta shafi marar kauri, a juya, a bar ta ta kama, a sake shafawa sau ɗaya ko biyu, mai gashi yana tsaye a kai. Da an ga tana ƙyalli tana danƙo a sauke, a bar naman ya huta minti biyar kafin a yanka. Bugu da ƙari, miyar da ta taɓa ɗanyen nama, ko cokalin da ya taɓa shi, kada a kai su kan gasasshe sai an tafasa miyar an wanke cokalin.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mai kilishi sai ya shanya namansa ya bushe kafin ya tsoma shi cikin labu, ya sake shanyawa, wutar da zai nuna masa a ƙarshe kuwa 'yar kaɗan ce. Mai balangu kuma sai nama ya gasu yake barbaɗa yaji. A Amurkan ma, mutanen birnin Memfis da yawa busasshen yaji kawai suke shafa wa haƙarƙari, su ajiye miya a gefe ga mai so.

Shawararmu ga mai saye ita ce kada launi ya ruɗe shi. Ya sa a yanka masa kusa da ƙashi ya duba. Mai gashi kuma ya hura wutarsa da wuri, ya ajiye kwalbar miya can gefe sai minti na ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa.