Gajiyar da ba a faɗi: kalmomin «stress» da «résilience» a bakin ma'aikatan ceto

Gabatarwa

A watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana na wata makarantar firamare a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. An yi ta'aziyya ga iyaye. Amma ƴan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti da suka ɗauki gawarwakin sun koma gida da abin da idonsu ya gani. A wannan ɗan rubutu za mu nuna cewa kula da irin waɗannan ma'aikata yana farawa daga harshe, wato daga yadda ake tambayarsu da kalmar da ake ba su.

1. Abin da «stress» ke nufi

Faransanci ya aro kalmar daga Ingilishi. Hans Selye, wani likita mai bincike a Kanada, ya bayyana a 1936 cewa jikin da ke cikin matsi yana bin matakai 3: zabura, da jurewa, da ƙarewar ƙarfi. A matakin farko sinadarin adiranalin yana sa zuciya bugu da sauri, sannan kotizol ya ƙara sukari cikin jini. Wannan yana da amfani ga mai shiga wuta. Illar tana zuwa ne idan kira ya bi kira, jiki bai samu ya koma daidai ba. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa ciwon da ke biyo bayan firgici cikin kundinsu. Alamunsa su ne mugun mafarki, da yawan zabura, da gudun wurin da abin ya faru, har tsawon fiye da wata 1.

2. Yadda Hausa ke faɗar abin

Hausa ba ta da suna guda da ya yi daidai da «stress». Jimla take ginawa, inda wani sashen mutum ke zama maaikaci:

(1) Gabana ya faɗi.
(2) Hankalina ya tashi.
(3) Jikina ya mutu.
(4) Zuciyata ta ƙeƙashe.

Misali na (1) da na (2) sun dace da matakin zabura, na (3) da ƙarewar ƙarfi. Na (4) kuwa shi ne na wanda ya daina jin tausayin waɗanda yake ceto, alama ce mai haɗari a wannan aiki. Ashe ke nan harshen ya rarrabe abin da kalmar aro ta dunƙule.

Matsalar tana cikin gaisuwa. Amsar «ina gajiya?» ita ce «ba gajiya». Tambaya ce da ba a neman labari da ita, kuma wanda ya amsa da gaskiyar halinsa ya saɓa ƙa'ida. Shugaban da ya tari mutanensa da ita bayan haɗari ya gaishe su ne kawai. In yana son sani, sai ya tambayi abu takamaimai: ka yi barci jiya? Ka ci abinci? Abin yana dawo maka?

3. Haƙuri, dauriya, farfaɗowa

Asalin «résilience» shi ne aikatau na Latin «resilire», wato tsalle a koma baya. Ana yawan fassara ta da «haƙuri» ko «dauriya». Mu a ganinmu fassarar tana da illa. Wanda aka ce wa «daure» an umurce shi ya yi shiru ya ci gaba, mataki na biyu na Selye ke nan, wanda ƙarshensa ƙarewar ƙarfi ne. «Haƙuri» yana da daraja a addini da al'ada, ba mu raina shi ba, sai dai sau da yawa da shi ake rufe magana. Muna ba da shawarar «farfaɗowa», domin ta amince cewa an raunana, kuma ana dawowa.

Abubuwan da ke taimaka mata sanannu ne: barci isasshe, da karɓa-karɓar aiki, da zama da abokan aiki da iyali, da zuwa wajen likita in alamun sun daɗe. Tilasta wa mutum ya kwashe labari a zama guda kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta shawartar haka, don bincike bai nuna yana hana ciwon ba. Jagorar da ta fitar a 2011 ta tsaya kan abu 3: a duba, a saurara, a haɗa mutum da mai taimako.

Kammalawa

Ana horar da ma'aikatan cetonmu da Faransanci, amma da yawansu da Hausa ko Zabarmanci suke kokawa. Ya kamata a tattara maganganunsu na ainihi a Maraɗi da Damagaram da Tawa kafin a fassara musu kowane littafin horo. Wannan aiki ne da ɗalibanmu za su iya ɗauka.