Hanyar Keke Ta Kankare Don Yara: Daga Lambun Maitama Zuwa Unguwannin Sabo

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Ikko ko Badun ya yada zango a Abuja a kan hanyarsa ta zuwa gida, ya san cewa Maitama unguwar manya ce. Nan ne ofisoshin jakadun ƙasashen waje suke, nan ne babban otel ɗin Hilton, ga gidaje masu dogayen katangu da masu gadi a bakin ƙofa. Amma a cikin wannan unguwa akwai wuri guda wanda ɗan talaka da ɗan minista suke gudu a kan ciyawa ɗaya, watau Lambun Mileniyom, wanda ya fi kowane lambun shaƙatawa girma a babban birnin tarayya.

Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ita ce ta buɗe lambun ran 4 ga Disamba, 2003, lokacin da ta zo taron shugabannin ƙasashen Kwamanwel. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Italiya mai suna Manfredi Nicoletti ya zana shi, kamfanin Salini kuma ya yi aikin. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 32, kusan eka 80 ke nan, kuma wani rafi ya ratsa shi ya raba shi biyu. An rufe shi a 2020 saboda annobar korona, aka sake buɗe shi a 2022. Ran Sallah ko ran Kirsimeti, iyalai daga Nyanya da Karu da Kubwa sukan cika shi maƙil da tabarmi da kulolin abinci. Su mutanen Kubwa ma, wasunsu gida suka dawo, domin a can aka sake tsugunar da Gbagyin da ke zaune a ƙauyen Maitama kafin birni ya ci wurin.

Tun da Janar Murtala Muhammad ya kafa dokar ƙirƙiro Abuja a watan Fabrairu 1976, kuma aka fito da taswirar birnin a 1979, masu tsarin sun keɓe filaye da yawa don lambuna. Abin da ya faru da filayen daga baya sananne ne. Wasu an yanka su an yi gidaje, har sai da Malam Nasiru El-Rufa'i ya ƙwato da dama a zamanin da yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007. Wasu kuwa sunan lambu kawai ya rage musu, sun zama wuraren gasa kifi da zaman dare na manya. Yaro mai shekara bakwai da aka saya wa keke da kuɗin Sallah ba shi da abin yi a irin wannan lambu.

A shekarar da aka buɗe lambun Maitama aka gina wa Abuja zauren tseren keke a babban filin wasa na ƙasa, don wasannin ƙasashen Afirka na Oktoba 2003. Amma wannan na gwanaye ne, gangarensa ba na mai koyo ba ne. Ƙasa kuwa ba ta samun gwanaye sai da masu koyo. A wasannin Olamfik na birnin Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya a tseren keke, sai da ta ari keke wurin 'yan Jamus kafin ta shiga tseren cikin zaure. Abin da ya dace da lambu irin na Maitama wata ƙaramar hanya ce dabam, wadda ƙasashe da yawa suke gina wa yaransu tun shekarun baya-bayan nan.

MECE CE WANNAN HANYA?

Zagaye ce wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe, an yi ta da ƙananan tudu da kwari a jere kamar kunyoyin gona, sai dai an shafe su sun yi laushin gangare. A kowace kwana an ɗaga gefen waje ya jingina kamar bakin akushi, don keke ya kwanta ya juya ba tare da ya zame ba. Abin mamakinta shi ne ba a taka feda. Idan yaro ya zo gangarowa daga tudu sai ya danna keken ƙasa da hannuwa da ƙafafu, idan ya zo hawa sai ya sassauta nauyinsa. Da haka keke yake ƙara gudu. Duk wanda ya taɓa ganin yaro a kan lilo yana ƙara tashi sama ba tare da an tura shi ba, ya riga ya gane dabarar. Turawa suna kwatanta motsin da bugun famfo, kuma daga nan suka sa wa hanyar suna.

Da farko da jar ƙasa ake yinta a bayan gida. To amma ƙasa tana bukatar gyara bayan kowane ruwan sama, shi ya sa hukumomin birane suka koma kwalta da kankare. Wani tsohon ɗan tseren keke na ƙasar Suwizalan, Claudio Caluori, ya kafa kamfanin Velosolutions wanda ya shahara da yin ta kwalta, kuma a 2017 suka gina ɗaya a garin Roma na ƙasar Lesotho. Kwalta tana da daɗin taya, amma sai an kawo ta da zafinta daga injin dafawa, an shimfiɗa ta kafin ta huce. Kankare kuwa kowane gari a Nijeriya akwai wanda ya iya kwaɓa shi. Ga Maitama ma abin ya zo da sauƙi, tun da duwatsun Mpape da ake fasa tsakuwa suna maƙwabtaka da ita, siminti kuma yana zuwa daga Obajana ta Jihar Kogi.

RUWA KAFIN SIMINTI

Masu wannan sana'a sun haɗu a kan cewa ba a fara zane da tudu ko kwana, da ruwa ake farawa. Damina a Abuja tana kamawa daga Afrilu har Oktoba, kuma ruwan da ake samu a shekara ya haura milimita 1,000 nesa ba kusa ba. Hanyar da aka yi zagaye, tsakiyarta kwano ce. Idan ba a yi wa ruwa mafita ba, a damina ɗaya wurin zai zama kududdufi, sauro ya samu gida, ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen ta jiƙe ta zauna, kankare ya tsage. Saboda haka ake ɗaga dukan hanyar sama da ƙasar da ke kewaye da ita, a karkata kowane kwari kaɗan zuwa ciki, kamar inci ɗaya a kowace ƙafa biyar, sa'an nan a haƙa rami a tsakiya a cika shi da tsakuwa, a binne bututu da zai kai rarar ruwa zuwa lambatu. A Ikko da Fatakwal, inda ruwa yake kusa da saman ƙasa, ɗagawar ta fi haka muhimmanci.

Bayan ruwa sai ma'auni. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ɗaya bisa goma: idan tsayin tudu ƙafa ɗaya ne, to, daga kan wannan tudu zuwa kan na gaba ƙafa goma ne. Idan aka matse su, tayar gaba za ta riƙa dukan tudu tana jefar da yaro. Idan aka ware su da yawa, gudu zai mutu sai an koma taka feda. Na ƙananan yara tudun ba ya wuce ƙafa ɗaya. Faɗin hanyar kuwa kamar ƙafa shida, don wanda ya kauce kaɗan kada ya faɗa gefe. Kwana ba a yinta a tsuke. Akan ɗaure igiya mai tsawon ƙafa goma ko fiye a jikin turke a zana ta a ƙasa. Kuma wajibi ne iyayen da ke zaune a benci su iya hango dukan zagayen daga wuri guda.

Fuloti ɗaya, ƙafa 100 a ƙafa 50, zai ɗauki zagaye mai tsawon kimanin ƙafa 240. Idan kaurin daɓen inci biyar ne, aka kuma yi kwaɓin da magina suka sani, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, lissafi zai ba da buhu wajen 110. Idan aka haɗa da jinginar kwanoni da abin da ke zubewa, a ce 130. Ba kuɗin gina asibiti ba ne.

AIKIN MAGINI

Siffar hanyar ba da kankare ake fitar da ita ba, da ƙasa ake fitarwa. Akan kankare ƙasar sama mai ciyawa a zubar, a kawo jar marmara a zuba kaɗan-kaɗan, kamar inci shida a kowane zubi, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da inji kafin a ƙara wani. Nan ne 'yan kwangila suka fi yin ha'inci, domin aiki ne da ido ba ya gani bayan an rufe. Idan tudu da kwari sun fito, sai a sa yara biyu ko uku su hau keke su gwada a kan ƙasar. Wannan gwaji ya fi kowace takarda, gama tudun da ya yi tsini ana gyara shi da shebur a yau, amma bayan an zuba kankare sai da guduma.

Daga nan sai a shimfiɗa tsakuwa, a ɗaura rodi ko ragar ƙarfe, a ɗora ta kan 'yan duwatsu don ta zauna a tsakiyar kaurin daɓen, kada ta kwanta a ƙasa inda ba ta da amfani. Kafinta yakan yanka katako daidai da lanƙwasar tudu da ta kwana, a kafa shi a gefe biyu, a riƙa jan wani katakon a kansu ana share kankare.

Wurin kwaɓi ne maginin da ya saba da zuba dakin zai yi gyara ga al'adarsa. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka a kwanon sarki da sauƙin bazawa. A nan ba zai yiwu ba. Kwaɓi mai ruwa ba ya tsayawa a jikin gangare, sulalowa yake ya taru a kwari, kuma ko a shimfiɗe ne yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare. Ana son mai tauri, wanda idan aka dunƙula shi a hannu zai tsaya. Ana zuba shi gaɓa-gaɓa, kuma ba a barin mahaɗar zubi biyu ta faɗo a tsakiyar kwana ko a gindin kwari inda taya ta fi dannawa.

Shafe fuskar ma sai da lura. Idan aka goge ta da cokalin ƙarfe har ta yi sheƙi kamar daɓen ɗakin amarya, ran da aka yi yayyafi yara za su yi ta zubewa. Idan aka bar ta da kaushi, duk wanda ya faɗi sai ta ɗaye masa fata. Tsaka-tsaki ake nema: a shafe da katako, a bi da cokali sau ɗaya, wasu kuma su ja tsintsiya mai laushi a kai. Kashegari akan tsaga siraran layuka a wuraren da aka zaɓa, domin kankare dole ne ya tsuke ya tsage, gara a nuna masa inda zai tsage.

Sai jiƙo. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma tana ɗaukar kwanaki. Ana rufe shi da buhunan algarara ko leda, ana ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28. Wanda ya yi zubi a tsakiyar hunturu, iska tana busawa daga arewa, ya bar shi a buɗe, zai tarar da fuskar ta yi zane-zane kamar busasshen tafki tun kafin la'asar. Hana yara hawa cikin waɗannan makonni huɗu, masu gadi za su shaida, ya fi zubin kansa wuya.

Inuwa tana da kyau, amma darbejiya da malaina ba a dasa su dab da daɓe, saboda saiwarsu tana ɗaga shi. A gefen hanya ciyawa ake sawa, ba a barin dutse ko ƙarfe ko bakin lambatu a inda yaro zai iya faɗawa.

TAKARDA DA MAI KULA

Akwai darasi daga Ankara, babban birnin Gana, inda Hausawan Nima da Sabon Zango suke. A Disamba 2021 wata ƙungiyar matasa mai suna Surf Ghana ta buɗe filin wasan allon taya na kankare, tare da taimakon shahararren mai zanen tufafi Virgil Abloh, wanda ya rasu makonni kaɗan kafin buɗewar. Aiki ya yi kyau, yara suka cika wurin, sai ga rikicin mallakar fili ya taso a kansa a 2023. Kankare ba ya naɗuwa a kai shi wani wuri. A Abuja, lambuna suna ƙarƙashin sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa na Hukumar Birnin Tarayya, kuma duk mai niyyar irin wannan aiki, kamfani ne ko ƙungiya, daga can zai fara, da izini a rubuce.

Wannan magana ta shafi mazauna Kurmi kai tsaye. A Agege da Idi-Araba da Mil 12, a Sabon Badun da Sasa da Sabon Shagamu, filin wasan yaro shi ne bakin titi, tsakanin tirela da ɗan acaɓa. Yawancin iyayen nan sun koyi keke ne a gida, a wurin mai hayar keke, a fili ko a lungun da mota ba ta bi, ana biyan kwabo ana zagayawa. 'Ya'yansu ba su da wannan lungu. Amma a cikin jama'ar Sabo akwai birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi da direbobin tifa waɗanda suka gina rabin unguwannin da suke zaune a gefensu. Abin da ya rage shi ne fuloti ɗaya mai takarda, a harabar makaranta ko a filin ƙaramar hukuma, wanda Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa za su iya nema da sunan jama'a.

Bayan an buɗe, sai an sa mai kula. Shi zai share yashi kowace safiya, domin yashi a kan kwana ya fi ruwa kayar da keke. Shi zai tabbatar kowa yana bin gefe ɗaya, ya ware wa 'yan ƙasa da shekara shida lokacinsu, ya hana babur shiga, ya ga cewa akwai hular kwano a kan kowane yaro. Mai faci ko mai hayar keke na unguwa ya fi kowa dacewa da wannan aiki: a ba shi rumfa a bakin filin, ya ajiye kekuna biyar ko shida da huluna na haya don yaran da ba su da nasu.