Yadinka a Hannun Tela: Wa Ke Riƙe da Lissafi?

Duk wanda ya san Zongon Kwatano ya san cewa da yawa daga masu sayar da ɗinkakkun kaya ba su taɓa taka keken ɗinki ba. Ɗan kasuwa kan sayi bandir ɗin shadda, ya kai wa tela, tela ya miƙa wa mai aikin wuya, wani lokacin har can Fidjrossè ta bakin teku, kafin riga ta dawo shago. To, a wannan zagayen ne riba ke zurarewa, musamman gab da Sallah, domin akasarinmu ladan ɗinki kawai muke rubutawa, yadi kuwa sai mu bar shi ga amana.

Su ma manyan masana'antu suna ba da aiki waje. A Glo-Djigbé, kimanin kilomita 45 daga Kwatano, an ɗinka wa kamfanin The Children's Place na Amurka tufafin yara, aka fara tura su a 2023. Don irin wannan hulɗa ne manhajojin kwamfuta na gudanar da kamfani, kamar SAP ta Jamus da Odoo ta Beljiyam, suka ware sashe na musamman.

Ƙa'idar ita ce, kayan da ka ba mai aiki ba su fita daga dukiyarka ba. Kwamfuta za ta cire su daga sito, amma ta rubuta cewa naka ne, suna hannun wane. Tun farko kuma an shigar da awo: riga ɗaya yadi nawa take ci, zare nawa, maɓalli nawa. Ranar da aka karɓi kaya, ita da kanta za ta rage. Alal misali, ka ba tela yadi 50, kaftani da wando suna cin yadi 5, ya kawo maka 8. Nan take za ta nuna saura yadi 10 a wurinsa. Sannan ta haɗa kuɗin yadi da ladan aiki, in ka shigar da na zemijan ma ta ƙara, ka san nawa riga ta tsaya maka kafin ka yi mata kuɗi.

Wanda ba shi da kwamfuta, littafi ma ya isa: kowane tela da shafinsa, abin da ya fita da abin da ya dawo, kowa ya sa hannu. Sai batun guntaye da yadin da almakashi ya ɓata, wanda shi ne ya fi haɗa mu rigima da teloli. Wannan a yanke shi tun ranar ba da aiki, a rubuta a saman shafin.