Zara matar wata: kumbunan da suka je da waɗanda ke jiran kuɗi

Tauraruwar nan da muke kira Zara matar wata, duniya ce sukutum, Venus, kuma girmanta ya kusa kai na tamu. Amma fa ba wurin zuwa ba ce. A asibitin da nake aiki, tukunyar da muke turara kayan tiyata tana kaiwa digiri 121, kuma kaffa-kaffa muke yi da ita. Doron Zara ya haura digiri 460, nauyin iskarta kuwa ya ninka na nan kusan sau 90.

Duk da haka Tarayyar Sobiyet ta nace. Iskar ta murƙushe kumbunanta na farko tun ba su taɓa ƙasa ba. A Disambar 1970 Venera 7 ya sauka, ya yi minti 23 yana aiko da saƙo, sai tsit. Venera 13 ya jure minti 127 a 1982, har ya turo hotuna masu launi na fala-falan duwatsu. Ni dai wannan naci ya fi burge ni a kan motocin da ke yawo a Mars.

Akatsuki na Japan ya daina magana a 2024. Tun daga nan babu kumbon da ke sa mata ido.

Tambayar kuma tana nan: shin Zara ta taɓa samun teku kafin iskar kabon ta riƙe zafi ta mayar da ita tanderu? Don amsa wannan NASA ta zaɓi kumbon DAVINCI a 2021, amma a 2025 gwamnatin Amurka ta nemi a soke kuɗinsa. Indiya na shirin harba nata a 2028, Turai kuma EnVision wajen 2031.